Daren Dodanni: Daga Ganuwar Derry Zuwa Maƙabartar Tzintzuntzan

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Belfast zuwa Derry, a Ayalan ta Arewa, yakan ci kusan awa biyu, kuma ƙarshen tafiyar duk a bakin ruwa ake yin ta. Da an wuce garin Coleraine sai layin dogo ya kutsa cikin dutse ya ɓullo, ga teku a hannun dama iya ganinka, ga tumaki a hagu suna kiwo cikin ciyawar da ba ta san rani ba. Ranar 31 ga Oktoba ce, taragon a cike maƙil. A kujerar da ke fuskantata wani magidanci ne zaune, an shafe masa fuska da farin fenti, an zagaye idanunsa da baƙi, ya koma ƙoƙon kai mai numfashi. 'Yarsa na gefe da doguwar baƙar hula mai tsini, ta rungume tsintsiya. Kakar yarinyar kuwa, tsohuwa mai furfura fat, ta yafa baƙin mayafi mai jan ciki tana zuba musu shayi daga fulas. Babu mai kallon wani. Mu 'yan tsirarun da ke cikin kayanmu na yau da kullum mu ne muka fita daban.

Wannan rana ita ce Halowin. Yawancinmu a finafinai da hotunan waya muka san ta: kabewa mai haƙora, kwarangwal a ƙofar gida, manya da yara cikin shigar fatalwa da mayu. Na sha jin mutane a gida suna yanke mata hukunci da kalma ɗaya, wasu su ce bautar shaiɗan, wasu su ce haukan masu ƙoshi. Aiki da ziyarar 'yan'uwa sun sa wannan dare ya riske ni a Ayalan, ya riske ni a Amurka, ya kuma riske ni a Meziko, a shekaru daban-daban. Ni Musulmi ne, na san malamai da dama sun hana shiga wannan biki, ban kuma taɓa sa wata shiga ba. Matsayin baƙo mai kallo na tsaya. Amma duk inda na je tambaya ɗaya ke cina: mutanen da suka yi shigar matattu, waɗanne matattu suke nufi?

Mai masaukina a Derry tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya ta mai da ɗakunan 'ya'yanta na baƙi. Kafin in ajiye jaka ta zaunar da ni a kicin, ta yanko min wani burodi mai nauyi, cikinsa cike da busasshen inabi da aka jiƙa da shayi. Sunansa barmbrack. Ta ce in tauna a hankali, akwai zobe a ciki. Al'adar ita ce a cusa ƙananan abubuwa cikin ƙullun kafin a gasa: wanda ya ci karo da zobe zai yi aure kafin shekara ta zagayo, mai kwabo zai yi arziki, mai ɗan tsumma talauci na jiransa. Ta ce yanzu na kanti zobe kaɗai ake sa masa, an daina tsoratar da yara da tsumma.

A bakinta na fara jin tarihin a jere. Tun kafin Kiristanci ya shigo tsibirin, mutanen Ayalan da na Scotland suna da bikin da suke kira Samhain, wanda ke rufe kaka ya buɗe hunturu. A lokacin ne ake sauko da shanu daga makiyayar tuddai, a yanka na yankawa, a adana nama, a hura manyan wutace a kan tsaunuka. Wanda bai taɓa ganin hunturun can ba ba zai gane nauyin wannan rana ba. A ƙarshen Oktoba, kafin ƙarfe biyar da rabi na yamma duhu ya rufa, ni kaina sai da na riƙa duba agogo don la'asar da magariba sun matso juna. Ga mutanen da ba su da lantarki, shigar hunturu tamkar shiga rami ne wanda ba kowa ke fitowa ba, musamman tsofaffi da jarirai. Sun yi imani cewa a wannan dare shamakin da ke tsakanin masu rai da waɗanda suka riga mu yakan yi rauni, kurwar dangi ta dawo gida, aljanu su fito yawo. Sai a bar wa dangin abinci da kujera a bakin murhu. Aljanun kuma a yi musu shigar burtu, domin in sun gamu da kai a hanya su ɗauka nasu ne su ƙyale ka.

Da coci ta kafu, sai ranar 1 ga Nuwamba ta zama ta tunawa da waliyyai, abin da ake dangantawa da Paparoma Gregory na Uku a ƙarni na 8, daga baya 2 ga wata ta zama ta yi wa sauran matattu addu'a. Daren jajiberin ranar waliyyan shi ne Halowin. A Ingila a da har talakawa kan bi gida-gida a ba su ɗan gurasa, su kuma su yi wa mamatan gidan addu'a. To ka ga tun asali akwai abu uku a cikin tukunyar: tsoron duhu, tunawa da mamata, da roƙo a ƙofar maƙwabci.

Da magariba ta wuce na hau ganuwa. Derry gari ne mai ganuwar dutse da aka gina tsakanin 1613 da 1619 don kare baƙin da aka kawo daga Ingila da Scotland aka zaunar a ƙasar 'yan Katolika. Zagayenta kimanin kilomita ɗaya da rabi ne, tana da faɗin da mutane ke tafiya a kanta, tsofaffin igwa na nan jere. A daren sun haska ta da fitilu masu launi, hayaƙi na tashi daga lunguna, ga masu tafiya a kan dogayen sanduna sun yafa fararen ƙyallaye suna sunkuyowa kan jama'a. A 'yan kwanakin da ake bikin, garin kan karɓi mutum sama da 100,000, fiye da yawan mazaunansa. Abin da ya fi burge ni ba ƙwararrun 'yan wasan ba ne, jama'ar gari ne. Na ga jariri cikin keken turawa an naɗe shi kamar kabewa. Na ga dattijo a keken guragu an mai da keken jirgin ruwan 'yan fashi da kwali. Yawancin kayan a gida aka ɗinka su, kana ganin zaren.

Daga wani ɓangare na ganuwar, in ka leƙa ƙasa, unguwar Bogside ce shimfiɗe. A titunan nan ne ranar 30 ga Janairun 1972 sojojin Birtaniya suka buɗe wuta kan masu zanga-zangar neman haƙƙi, mutum 13 suka mutu nan take, wani ya cika daga baya. Sai a 2010, bayan dogon bincike, Firaminista David Cameron ya fito ya nemi gafara. Rikicin da ya ɗauki kusan shekara 30 tsakanin masu son zama da Birtaniya, galibi 'yan Furotesta, da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ayalan, galibi 'yan Katolika, ya ci rai sama da 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Hatta sunan garin rigima ne: wani ɓangare ya ce Derry, wani ya ce Londonderry, kuma da ka buɗe baki an san inda ka dosa.

A tsakiyar wannan wuta bikin nan na titi ya samo asali. Mutanen garin na ba da labarin cewa a tsakiyar shekarun 1980 wasu na shagalin Halowin a wata mashaya, kowa da shigarsa, sai aka yi shelar ana zargin an dasa bam. Aka fito da su waje. Maimakon kowa ya kama gabansa, sai suka bi titi a haka suna waƙa, kuma ba a jima ba hukumar gari ta karɓi abin ta mai da shi na shekara-shekara. Na tambayi mai masaukina me ya sa abin ya kama haka. Ta ajiye kofinta ta ce, "Ɗana, a garin nan kowane fareti na wani ɓangare ne. In waɗannan sun buga ganga, waɗancan sun rufe ƙofa. Wannan kaɗai ne ba na kowa ba. Wanda ya rufe fuska ba ka san cocin da yake zuwa ba."

Na daɗe ina juya wannan magana. Da aka fara wasan wuta a saman kogin Foyle, ga gadar da aka buɗe a 2011 aka sa mata sunan zaman lafiya, wadda ta haɗa gaɓar da 'yan Katolika suka fi yawa da tsohon barikin soja a ɗaya gaɓar, na tsaya cikin mutanen da iyayensu suka san ƙarar fashewa ta gaske. Duk sanda tartsatsin ya fashe a sama sai yara su yi sowa. Wani dattijo kusa da ni kuwa kafaɗarsa ce ke ɗan zabura, amma bai tafi ba, yana riƙe da hannun jikansa. Ban ga shaiɗanci a wurin ba. Mutane na gani da suka ɗanɗani tsoro har ya ishe su, suka samo dare ɗaya da za su yi wasa da shi tare.

Kafin in bar tsibirin na gangara kudu zuwa wani gidan tarihi na rayuwar karkara kusa da Castlebar, a gundumar Mayo. A can aka ajiye kwafin fitilar Halowin ta asali, daga wani ƙauye a Donegal. Ba kabewa ba ce. Wata saiwa ce da suke kira tanif, mai tauri, girmanta bai wuce kan yaro ba. An rarake ta, an yanka mata ƙananan idanu da baki mai haƙora a wargaje. Wallahi ta fi duk wata kabewar Amurka ban tsoro, kamar fuskar wanda yunwa ta kashe. Kuma yunwar ce ta yi wa bikin jagora zuwa ƙetare. Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta lalata dankalin da talakan Ayalan ya dogara da shi, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka shiga jiragen ruwa, akasari zuwa Amurka. Can suka tarar da kabewa, ga girma ga laushin yanka, sai aka ajiye tanif.

A Amurka a gidan ƙanena na sauka, a wani gari da ke yamma da Boston, jihar Massachusetts. Tun farkon Oktoba unguwar ta canja kama. Wani ya kafa kwarangwal na roba da ya fi rufin gidansa tsawo, wani ya mai da filin ƙofar gidansa maƙabartar ƙarya, an baza saƙar gizo-gizo ta auduga a kan shuke-shuke. Kantuna sun ware layi-layi na alawa da cakulan. Ƙungiyar 'yan kasuwar ƙasar ta yi ƙiyasin cewa a 2023 Amurkawa za su kashe dala biliyan 12.2 a wannan biki, kuma kimanin miliyan 700 daga ciki na kayan da za a sa wa karnuka da kyanwoyi ne. A nan matattu sun zama haja. Ba wanda na ji ya ambaci kakansa.

Amma a cikin gidan da na sauka maganar ba ta kasuwa ba ce. Ana gobe biki, babban ɗansu, ɗan firamare, ya tsaya a bakin falo ya ce, "Abba, kowa a ajinmu zai fita. Ni kaɗai ne ba ni da kaya."

Uban ya ce, "Na gaya maka ba namu ba ne."

Yaron ya juyo gare ni. "Baffa, ka sa baki mana."

Ban sa ba, don na ga idon uban. Bayan yara sun kwanta matar gidan ta ce min, "Yaya, kowace shekara haka muke yi. In mun hana su, su kwana suna kuka, su ga kamar addininsu ne ke raba su da daɗi. In mun bar su, gobe kuma wani abin za su kawo." Matsayar da suka cimma ita ce yaran ba za su yi shiga ba, ba za su bi gidaje ba, za a kai su masallacin unguwa inda ake shirya wa yara wasanni da alawa a daren. Amma ita ta dage a bar fitilar ƙofar gida a kunne. A can ƙa'ida ce: gidan da fitilarsa ke kashe ba a ƙwanƙwasa masa. Ta ce maƙwabtan nan su ke kwashe musu dusar ƙanƙara daga ƙofa in mijin ya yi tafiya, ba za ta rufe wa 'ya'yansu ƙofa saboda 'yar alawa ba. Na ga gaskiyar mijin, na kuma ga tata. Rainon yaro a ƙasar da ba taka ba aiki ne ja, wanda ke gida ba zai san irin waɗannan ƙananan yaƙe-yaƙe ba.

Ni aka bari da kwanon alawa. Da duhu ya fara, ƙararrawa ta yi ƙara, na buɗe na ga wata 'yar mitsitsiya cikin kayan 'yan kwana-kwana, hular ta rufe mata ido, ta miƙo bokitin roba, uwarta na tsaye can baya da tocila. Ta faɗi kalmomin da kowane yaro ke faɗi, wato ko a ba ta alawa ko ta yi ɓarna, cikin muryar da ko kaza ba za ta tsorata ba. Nan take tashe ya faɗo min a rai: goma ga azumi ta wuce, mun manna gemun auduga, mun cusa tsumma a ciki mun yi tumbi, muna bin gidaje ana zuba mana gero ko a miƙo 'yan kwabbai. Sai dai mu sai mun yi wasa ake ba mu, kamar yadda har yau a Scotland yaro sai ya yi waƙa ko ya ba da abin dariya kafin a sallame shi. A wannan daren na ga tsofaffin da ke zaune su kaɗai sun fito da kujeru ƙofar gida, suna tambayar kowane yaro sunansa. Ƙanena ya ce in ban da daren nan, sai a shekara wasu maƙwabtan ba su ga cikin idon juna ba.

Wurin da zuciyata ta ƙi kwanciya shi ne Salem. Daga Boston kimanin rabin awa ce a jirgin ƙasa. Ƙaramin gari ne a bakin teku, mutanensa ba su kai 50,000 ba, amma a watan Oktoba baƙin da ke shigarsa kan kai miliyan. Ko'ina ka duba mayya ce: a jikin riguna, a kofunan shayi, a allon shaguna, har a tambarin 'yan sandan garin akwai hoton mayya a kan tsintsiya. Mata sun sa baƙaƙen huluna masu tsini suna layin ɗaukar hoto.

Ga abin da ya faru a wurin. A farkon 1692, a gidan wani limamin coci mai suna Samuel Parris, 'yarsa mai shekara 9 da wata 'yar'uwarta mai 11 suka fara faɗuwa suna ihu suna murɗewa. Aka ce maita ce. Aka matsa musu su faɗi mai kama su, suka ambaci mata uku: Tituba, baiwar gidan, Sarah Good, matalauciya mai bara, da Sarah Osborne, mai jinya da ta daina zuwa coci. Dubi waɗanda aka fara nunawa: baiwa, mabaraciya, marar lafiya. Daga nan wutar ta ci gaba har aka zargi mutum kusan 200. Kotu ta karɓi shaidar da ba mai iya ƙaryatawa, wato mutum ya ce kurwar wane ta zo masa cikin dare ta shaƙe shi. An fara rataye Bridget Bishop ranar 10 ga Yuni. An rataye Rebecca Nurse, tsohuwa mai shekara 71 da unguwa ta shaida da ibada. Kafin ƙarshen Satumba an rataye mutum 19, mata 14 da maza 5. Wani tsoho, Giles Corey, ya ƙi amsa tuhumar, aka kwantar da shi aka yi ta ɗora masa duwatsu har rai ya yi halinsa. Wasu a kurkuku suka mutu. Har 'yar Sarah Good, yarinya 'yar shekara 4, sai da aka ɗaure. Gwamna William Phips ya rushe kotun a watan Oktoba, ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya tuba a bainar jama'a a 1697, amma wanke sunan mace ta ƙarshe da aka yanke wa hukunci, Elizabeth Johnson, sai a 2022, bayan wasu 'yan makaranta sun ɗauki maganarta sun kai majalisar jiha.

Babu maye ko ɗaya a cikinsu. Wannan shi ne abin da hular nan mai tsini ke rufewa.

A gefen tsohuwar maƙabartar garin akwai wurin tunawa da su da aka buɗe a 1992. Benci 20 ne na dutse da suka fito daga jikin katanga, kowanne da suna da ranar kisa da yadda aka yi kisan. Wasu sun ajiye furanni. Amma na ga wani saurayi da jinin ƙarya a baki zaune a kan bencin Giles Corey yana cin soyayyen dankali, abokinsa na ɗaukarsa hoto. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba wai don shi mugu ne ba, wataƙila bai ma karanta abin da ya zauna a kai ba. Abin da ya dame ni shi ne a wurina wannan labari bai tsufa ba. A Yulin 2020 aka kashe Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, da duka a Kafaba da ke arewacin Ghana, bisa zargin maita, jama'a na tsaye suna kallo. A Gambaga har yau akwai matan da aka koro daga garuruwansu suna zaman gudun hijira kan wannan zargi. Mu ma nan wa bai san tsohuwar da aka ce ta kama kurwar yaro, aka tilasta mata tsallake shi ba? Kullum mai rauni ake nunawa, wadda ba ta da ɗa namiji tsayayye ko dangi masu faɗa a ji. Wanda ya san wannan ba zai iya sayen kofi mai hoton mayya a Salem ba. Ni dai ban iya ba.

Daga Amurka ne bikin ya bazu duniya, ta finafinai da kantuna, kuma inda ya je ba da saiwarsa ba sai ya zama taron matasa zalla. A unguwar Shibuya ta Tokyo cunkoson ya kai hukuma na roƙon mutane kada su zo. A Seoul, daren 29 ga Oktoban 2022, turmutsitsi a wani siririn lungu na unguwar Itaewon ya hallaka mutum 159, yawancinsu 'yan shekara ashirin da wani abu, da dama cikin kayan bikin.

Meziko kuwa, da ka ce Halowin za a gyara maka zance. Nasu Ranar Matattu ce, 1 da 2 ga Nuwamba, gaurayen al'adar mutanen ƙasar na asali da ta cocin Katolika da Sifaniyawa suka kawo, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya da ake karewa a 2008. Duk da haka bikin maƙwabciyarsu ta arewa ya tsallako iyaka. A babban birnin na ga yara da bokitin kabewa na roba suna roƙon alawa, ga kuma 'yan mata sun zana ƙoƙon kai a fuska, sun sa dogayen riguna da faffaɗar malafa mai furanni. Wannan shiga ita ce Catrina. Wani mai zane, José Guadalupe Posada, wanda ya rasu a 1913, shi ya fara zana ta don ya zolayi masu kwaikwayon Turawa suna ƙyamar asalinsu: ga malafar Faransa, ga ƙashi a ƙarƙashi. Diego Rivera ya ba ta cikakken jiki a wani zanen bango a 1947. Babban faretin da ake yi yanzu a birnin ma sabon abu ne, a 2016 aka fara shi, bayan wani fim na ƙasar waje ya nuna irinsa alhali babu shi.

Na bar birnin na nufi jihar Michoacán, daga Morelia na shiga mota zuwa Pátzcuaro, ƙasar ƙabilar Purépecha, daga nan zuwa wani ƙaramin gari a bakin tafki, Tzintzuntzan. Tun da rana hanya ta cika da motocin a-kori-kura ɗauke da wani fure ruwan lemo mai ƙarfin ƙamshi, wanda suka ce launinsa da ƙamshinsa ke nuna wa mamaci hanyar gida. Ranar farko ta yaran da suka rasu ce, ta biyu ta manya. Da dare ya yi na shiga maƙabartar. Ban ga dodo ko ɗaya ba. Kowane kabari an share shi, an lulluɓe shi da furanni, an kafa masa kyandirori, hayaƙin turaren wuta ya cika wurin. Iyalai na zaune a gefe cikin barguna saboda sanyi, tsofaffi na addu'a, yara na barci a cinya, wasu na hira ƙasa-ƙasa. A kan kabarin an jera abin da mamacin ke so yana raye: burodi mai zaƙi da aka yi wa ado kamar ƙasusuwa, 'ya'yan itace, kwanon abinci a rufe da ƙyalle mai ado, kofin ruwa. A wani ƙaramin kabari na ga motar wasa ta roba.

Aƙidata ba ta ce mamaci na dawowa ya ci abinci ba, kuma ba na jin zan taɓa ganin abin haka. Amma a nan ne kaɗai, a duk yawon, na ji ana kiran matattu da sunayensu. Abin da ya ɓata wurin mu ne, baƙi. Motocin 'yan yawon buɗe ido na sauke mutane rututu, wasu da kwalabe a hannu, wasu na taka kaburbura, suna haska fuskar tsofaffi da fitilar kyamara ba ko sallama. Na mai da wayata aljihu na koma gefe.

A nan wata mata mai kimanin shekara sittin ta yafito ni, ta matsa min wuri a kan benci, ta miƙo min burodi. Jikanta da ke jin Turanci shi ya yi mana tafinta. Kabarin mijinta ne. Ta ba ni labarinsa, masunci ne a tafkin, ta nuna min hotonsa da aka jingina da furanni, da na uwarta, da na wata 'yarta da ta rasu tana jaririya. Na tambaye ta ko 'ya'yanta nawa. Ta ce biyar ta haifa, ɗaya na ƙasa, uku na raye. Ta yi shiru. Jikan ya ce min kawunsa ya tafi arewa neman aiki shekarun baya, ya yi waya daga wani gari kusa da iyaka, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A Meziko sunayen da ke cikin rajistar gwamnati ta mutanen da suka ɓace sun haura 100,000 tun 2022, galibi a dalilin rikicin masu fataucin miyagun ƙwayoyi.

Jikan ya ce duk shekara sai dangi sun ce mata ta kawo hotonsa a jera da na sauran, ko ta samu sauƙi a ranta. Ya juya ya gaya mata abin da ya faɗa min. Ta girgiza kai, ta yi magana da ƙarfi har na kusa da mu suka waigo.

Yaron ya ce, "Ta ce nan wurin matattu ne. Duk wanda ya ce ɗanta ya mutu, ya kawo mata gawarsa ta binne shi kusa da ubansa, sannan ta sa hoton."